Ranar da Aka Warware Ni a Shingen Anka

Ko zan manta da komai na aikin jarida, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tsayar da ni a bakin titi kusa da Anka aka warware ni kamar rawani ba. Har yau idan na je gida Bukkuyum, akwai dattawan da sun manta sunana na yanka, Alhaji Atamfa kawai suke ce mini. Ni kuwa amsawa nake yi, da ƙarfi ma, tunda ba kayan wani na sata ba.

A farkon shekarun dubu biyu ne, ina sabon ɗan rahoto a wata 'yar jaridar Hausa mai fitowa mako-mako a Gusau. Lokacin gwamnati ta hana shigo da atamfar waje, wai don masaƙunmu na gida su rayu. Amma ka shiga kasuwar Gummi ranar da take ci, rumfa bayan rumfa ita ce a jibge. To ta ina take shigowa, alhali daga kan iyaka har garuruwanmu shingen jami'ai ne a jere? Ni dai ina da amsata. Na sha ganin an zazzage ƙunshin tsohuwa a ƙasa, an watsa mata daddawa da kuka, sannan mai babbar riga ya zo a sara masa ya wuce. A ganina ba kaya ake bincike ba, tufafin mai kayan ake dubawa.

Na kai wa editanmu, Malam Garba, shawarar in shigo da atamfar da kaina in rubuta yadda aka yi. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Kai, yaro, aikinmu mu ga mai laifi mu rubuta. Ba mu aikata laifin sannan mu rubuta ba. In aka kama ka, katin jarida ba zai hana a kai ka gaban alƙali ba."

Na ce, "Malam, in ba wanda ya gwada, cewa za su yi ƙarya muke yi."

Ya ce, "Na dai ce a'a."

Sai na nemi hutu na ce zan je duba Inna. (Ban yi ƙarya gaba ɗaya ba, na duba ta daga baya, sai dai ba yadda na tsara ba.)

Na ari babbar rigar kawuna da wandonta da hula, na bi ta Kebbi na tsallaka iyaka, na sayi atamfa turmi huɗu. Ni mutum ne siriri, irin wanda abokai ke ce wa ya riƙe bishiya in iska ta taso. Mai shagon ya shiga da ni bayan kanti ya naɗe ni da su tun daga hammata har cinya, yana yi yana dariya. Muka ɗaure mazagin wandon kawu a kan sabon tumbina, na zura riga, na kafa hula, na maƙala baƙin tabarau. Da na dubi madubi, wallahi ni kaina na kusa gaishe da kaina.

Kuma abin ya yi aiki! Wannan nake so masu yi mini dariya su riƙa tunawa. A bakin iyakar kanta, jami'in da ke kwance buhun wani bawan Allah ya ɗago ya ce mini, "Ranka ya daɗe, a sauka lafiya." Shinge bayan shinge haka muka yi ta wucewa. A sauke talakawa, a bar ni a mota. Ina ta haddace wuraren a kaina, ina jin kaina wani gwarzo.

A tashar Gummi na canja mota, na shiga fijon wani dattijon direba da ake kira Malam Bawa. Saboda girmana ya ba ni gidan gaba ni kaɗai. A nan na fara gane kuskuren lissafina. Bazara ce tsakiyarta, rana ta take, ga zafin inji yana bugo ƙafafuna. Gumi ya jiƙa turmi na farko ya shiga na biyu. Numfashi kuwa sai rabi-rabi nake ja. Ga wata masifar kuma: a kujerar baya na ji muryar Gwaggo Tumba, ƙawar Inna daga Zugu, matar da ta goya ni ina jariri. Na ƙara danna tabarau, na kafe ido a titi, ko tari ban yarda na yi ba.

Muna dab da Anka aka tare mu. Jami'ai suka ce kowa ya fito, har da ni, don za su ɗaga kujeru. Amma babbansu, wanda suke kira Oga, da kansa ya jawo mini benci ƙarƙashin wata bishiya.

"Alhaji, zauna nan inuwa, ba za mu ɓata maka lokaci ba."

Na yi ƙoƙarin zama. Wanda bai taɓa lanƙwasa jiki da turmi huɗu a ƙugunsa ba, ba zai gane ba. Ina sunkuyawa atamfar ta tokare mini haƙarƙari, na ga bishiyar ta zama biyu, na ji maganar mutane tana nisa. Daga nan ban sake sanin komai ba.

Ruwan sanyi ne ya farkar da ni. Ina kwance a ƙasa, mutane sun kewaye ni, Oga yana ihu, "Ku ba shi iska! Ku cire masa rigar nan, hawan jini ne!" (Allah ya sani mutumin nan ceton raina yake yi, shi ya sa har yau ban riƙe shi a zuci ba.) Na so in ce a bar rigar, harshena ya ƙi. Suka zare ta ta kaina, hula da tabarau suka bi ta.

Sai kowa ya zuba mini ido. Ga siririn wuya, ga sirarun hannuwa, ga kuma gangar jiki shirim guda, ja da kore da ruwan ɗorawa, furanni ko'ina.

Gwaggo Tumba ce ta fara magana. "La'ilaha illallahu! Wanga ba ɗan Hajo na ba? Kai, ɗan nan, mi ka ɗaure haka ga jikinka? Yaushe ka zan Alhaji ba mu ji ba?"

Oga ya tsaya yana kallona, fuskarsa ta sauya daga tausayi zuwa wani abu daban. Ya sa aka miƙar da ni tsaye. Wani jami'i ya kama bakin atamfar ya ce, "Juya." Na fara juyawa. Shi yana ja yana ninkewa, ni ina katantanwa a bakin titi, motoci suna rage gudu, masu tallar rake da gyaɗa sun baro kayansu. Matan motarmu kuwa har sun shiga ciniki a tsakaninsu. Da kunnena na ji wata tana cewa, "Wagga mai ganye ita ta fi, ba ta zuba."

Turmi na ƙarshe yana barin jikina, wandon kawu, wanda aka ɗaure daidai ƙugun Alhaji, ya ga ba shi da sauran abin kamawa. Ya sulale har idon sawu. Abin da ya rage mini shi ne gajeren wandon ƙwallona na sakandare, wanda ya koɗe, kuma yake da taga a baya.

Wani zai yi shiru a nan. Ni ban yi ba. A haka, a tsaye, na ɗaga murya na ce ni ɗan jarida ne, daga kan iyaka nake, kuma duk shingen da na wuto babu inda aka taɓa ni. Na ce, "Ku ma ba ku kama ni ba, rana ce ta kama ni! Benci kuka ba ni!"

Oga ya ce, "Ɗaga wandonka tukuna, sannan ka yi mana wa'azi."

Na ɗaga, na riƙe da hannu ɗaya, na miƙa masa katina da ɗayan. Ya duba ya ce, "To, ɗan jarida. Nuna mini inda aka rubuta cewa mai wannan katin an halatta masa fasa-ƙwauri." Ya juya ya ce a karɓe makullin motar, direban ma a tafi da shi, tunda shi ya ɗauko kayan.

Nan dariyar ta ƙare mini. Malam Bawa ya matso ya ce, "Yaro, motag ga ba tawa ta ba, ta mai gida ta. Da ita iyalina ka cin tuwo. Mi na yi maka?" Duk tsare-tsaren da na yi, ko sau ɗaya ban tuna cewa akwai direba a cikin labarin ba.

Na rantse wa Oga cewa dattijon bai san komai ba, na ce duk abin da za a yi a yi mini ni kaɗai. Gwaggo Tumba ta shimfiɗa gyalenta a gaban motar ta zauna. "Aradu ba inda za ni sai an ba bawan Allah makullinai. Mu duka munka ga shi ya ba yaron ga gidan gaba don ya zaci mutum na." (Ta wanke direba, ni kuma ta ƙara dulmiya ni, amma na gode mata.) Sai wajen la'asar aka sallame su. Malam Bawa ya yi asarar yininsa, ya tafi ko kallona bai yi ba.

Ni aka wuce da ni ofis. Washegari Malam Garba ya zo ya yi belina. Alƙali kuma ya yi mini bayani a natse cewa kyakkyawar niyya tana iya rage hukunci, amma ba ta goge laifi. Aka ci ni tara, aka ƙwace atamfa. Ban yi gardama ba, doka na taka, ido buɗe.

Labarin kuwa mun buga shi. Sharaɗin Malam Garba ɗaya ne, in rubuta komai, har suman, har wandon, har asarar da na jawo wa direba. Na rubuta. Na wani ɗan lokaci bayan nan aka riƙa sauke masu manyan riguna a hanyar Gummi ana laluba su kamar kowa, alhazai suna ta tsine mini. Ban taɓa jin tsinuwa mai daɗi irin wannan ba.

Masu cewa in ji kunya, na ji, ta ishe ni har tsufa. Amma haƙuri mutum ɗaya na bai wa, Malam Bawa, har tashar Gummi na bi shi, kuma sai da na yi sawu kafin ya amsa sallamata. Sauran ba na bin kowa, ba kuma wanda yake bi na. Abin da na faɗa gaskiya ne, da jikina na tabbatar.

Da na isa Bukkuyum, Gwaggo Tumba ta riga ni. Inna ta saurari dogon bayanina a kan tsaron iyaka da 'yancin jarida har na gama, sannan ta ce, "Na ji. Ni dai tambayata guda ta. Duk albashin da kaka ɗauka, ba ka da wani gajeren wando?"

Shi ya sa yanzu in matasan 'yan jarida suka zo mini da irin wannan dabara, ba na ce musu kada su yi bincike. Cewa nake su nemi yardar edita, su ji ta bakin lauya, kada kuma su jefa wanda bai ji ba bai gani ba cikin rigimarsu. Sannan duk wanda zai je gwada tsaron ƙasa, ya fara tabbatar da tsaron abin da ke ƙarƙashin rigarsa.