Salkar ɗan birni a hanyar Kanan-Bakashe

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan ɗiyata ta fari ba, kuma wallahi ba don jaririyar ba, Allah ya raya ta. Saboda wata jakar ruwa ne.

A Maraɗi nake zaune, kuma ina cikin samarin nan da kuke gani ran Lahadi da sassafe bisa kekuna, hular kwano a ka, matsattsen wando a jiki, muna bin laterit, hanyar jar ƙasa, kamar an biyo mu. Kekena VTT ne, wato keken hawan duwatsu. (Kada wanda ya tambaye ni ina duwatsun suke tsakanin Maraɗi da Mayahi. Tudun rairayi gare mu, shi muke hawa, in ya gagara mu sauka mu tura.)

A gurup ɗinmu kowa gorar roba yake maƙalawa a jikin keke. Ni na ce a'a, na wuce nan. Jaka nake so, irin wadda ake goyawa a baya, da ledar ruwa a ciki, da tiyo mai zagayowa ta kafaɗa har bakinka, kana tuƙi kana tsotsa. Ko da zan yi aure ban yi binciken da na yi kan jakar nan ba. Na kalli bidiyo har portabul, wato wayata, ta yi zafi a hannuna. Mai lita biyu ko mai uku? Mai raga a baya don iska ta ratsa, ko marar raga? Daga ƙarshe na zaɓi mai bakin cizo: wata 'yar roba ce a ƙarshen tiyon, ruwa ba ya fitowa sai ka cije ta ka zuƙa. Wani abokina mai zuwa Kwatano ya sawo mini. Ranar da ta iso sai da na goya ta cikin ɗaki ina kallon kaina a madubi ta gefe.

Lokacin matata Zuwaira tana ƙauyensu, gaba da Kanan-Bakashe kaɗan, ta je haihuwar fari gida kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya. Rago da goro duk an aika, 'yan gidanmu za su taho da mota ran suna. Ni kuwa sai dabara ta zo mini: in riga su tafiya, in ɗora keke bisa mota zuwa Mayahi, daga nan in ƙarasa a kansa. Jaka ta samu gwaji ke nan. Na ninke shaddata na cusa a aljihun jakar, da niyyar in na hango ƙauyen in laɓe bayan wata bishiya in canza, in shiga gidan surukai kamar mutumin kirki. Don tsoron kada ruwa ya ɗiga ya ɓata shaddar, na sa filaya na murɗe murfin ledar iya ƙarfina. Filayar kuwa na bar ta gida, don bidiyo ya ce kada a ɗauki abu mai nauyi.

Bazara ce, irin wadda ko ƙadangare ba ya yawo. Motar ta yi ta jiran fasinja, sai da rana ta take na bar Mayahi. Amma ni ko a jikina. Ina tafe ina tsotsa, ina tausaya wa duk mai gora a duniya.

Na bar babbar hanya na shiga ta rairayi, sai na hango amalanke jingine ƙarƙashin wani gawo, taya ɗaya babu, jaki ɗaure a gefe. Wata tsohuwa ta fito tsakiyar hanya tana kaɗa mayafi.

"Kai mai kwano! Tsaya don Allah! Kana da ruwa?"

Na taka birki, na cire tabarau. Kaka Delu ce, kakar Zuwaira, wadda tun ranar ɗaurin aure take kirana angonta, ni kuma ina ce mata uwargida.

"La'ilaha! Angona ne? Wa ya kwashe maka tufafi a hanya?"

Ban samu na rama ba, don idona ya riga ya faɗa kan wadda ke zaune jikin gawon. Inna ce, mahaifiyar Zuwaira, surukata.

To, ga wanda bai sani ba: tun da na auri ɗiyarta ban taɓa haɗa ido da Inna ba. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba. Gaisuwa daga bakin zaure nake yi, a durƙushe, ita kuma ta amsa daga bayan danga. Yau ga ni tsaye a kanta da wandon da ko ni ba na son a ɗauke ni hoto da shi daga baya.

Amma da na dube ta ta gefen ido, kunyar ta ɗan ja baya. Leɓɓanta sun yi fari, numfashi sama-sama, kuma cikin zafin nan ko gumi babu a goshinta. Kaka ta yi mini bayani da sauri: tun haihuwar Inna ba ta zauna ba, ita ce itace, ita ce dafa ruwan wankan jego safe da yamma, yau kuma ta ce sai ta je kasuwa da kanta sayen kayan suna. A hanyar dawowa taya ta fashe, mai amalanke ya cire ta ya tafi neman faci tun da hantsi, ruwan bidonsu, 'yar jarkar da suka riƙo, ya ƙare. Na duba portabul, rezon kira ko sanda ɗaya babu.

Na sauke jaka, na zaro leda, na kama murfi. Ko motsi. Na sa gefen riga na murɗa. Na sa haƙori.

"Mi kake jira?" in ji Kaka.

"Murfin ne ya ƙi."

"Wane ƙaton ne ya rufe shi haka?"

"Kamfani," na ce. (Allah ya yafe mini wannan.)

Saura tiyo. Kaka ta ciro wata ƙwarya cikin kayan kasuwa ta tara, na matsa robar da yatsu. Ɗis. Can kuma, ɗis.

"Wanga ai hawaye ne, ba ruwa ba."

Babu yadda zan yi, sai na juya fuskata wajen jaki, na ce, "Kaka, ki ce wa Inna ta sa a baki ta ciza, sai ta zuƙa."

"Abin da ka taho kana tsotso tun daga Mayahi? Shi za ta sa a baki?"

Inna, a halin da take ciki, ta samu ƙarfin jawo mayafi ta rufe fuska. Muryarta kamar daga cikin rijiya: "Iya, ki ce masa an gode. Ba ni jin ƙishi."

Kaka ta yi tsaki. "Ke dai Allah ya shirye ki da kunyarki. Kawo nan in gwada mata, ni ai mijina ne." Ta fizge tiyon ta tura a baki, ta yi ta dannawa da dasashi, kumatu na shiga suna fita. Ko ɗigo. Ta zare shi ta dube ni. "Salkar taku ta birni sai mai haƙori take ba ruwa?"

Da wata rana ce da na yi dariya. Amma daidai nan kan Inna ya langaɓe gefe, hannunta ya saki mayafin. Kaka ta kira ta, shiru. Nan take ta kwance bakin zanenta ta ciro 'yar wuƙar da take yanka goro da ita, ta miƙo mini.

"Yanke shi."

Jama'a, ga inda labarin yake. Na karɓi wuƙar, na dubi tiyon, kuma kafin hankalina ya iso bakina ya riga ya tafi. Na ji kaina ina cewa:

"Kaka, sabuwa ce fa. Ba a samun irin tiyon nan a Maraɗi."

Na rantse har jakin sai da ya waiwayo. Kuma na ga idon Inna ya ɗan buɗe ya sake rufewa, wato ta ji. Kaka ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "To Allah ya bar maka ita. Goya abarka ka je ka gaya wa Zuwaira inda ka bar uwarta."

Ban san lokacin da na tsinke tiyon ba. Don sauri na sa ledar ƙarƙashin gwiwa na danna da duk nauyina, ina nufin ƙwaryar da Kaka ta riƙe kusa da bakin Inna. Tiyon ya suɓuce. Ruwa ya fita da ƙarfi kamar na mai wankin mota, ya sami surukata tsakiyar fuska, har ɗankwalinta ya zame.

Inna ta zabura ta ja numfashi. "Innalillahi!"

Tun da nake ban taɓa jin salati mai daɗin wannan ba. Na zauna daɓas cikin rairayi. Kaka ta karɓe tiyon ta cika ƙwarya, tana ba ta kaɗan-kaɗan, tana jiƙa mayafi tana shafa mata a wuya da hannuwa. Ni na rarrafa na koma bayan gawon, ina jin ƙarar haɗiyar ruwan ina cewa alhamdulillahi a zuci. Jim kaɗan na ji Inna tana tambayar ko barkonon da ta sawo bai jiƙe ba. Nan na san ta dawo.

Can ta gyara murya. "Iya, ki ce masa Allah ya yi albarka."

"Ka ji ko, angona?"

"Amin, amin," na ce daga bayan bishiya.

"Ki ce masa kuma, in yana da wando, ya sa."

Na sa. Shaddar ta yamutse kamar an tauna ta, amma na sa. Da mai amalanke ya dawo da taya, suka hau, ni na bi su a ƙafa ina tura keke cikin rairayi, da ƙishin da ban taɓa ji ba, don ko ɗigo bai rage a ledar ba. Da muka isa, ruwan randa aka miƙo mini a moɗa, na koma bayan zaure na shanye, na nemi ƙari.

Washegari Inna ce a kan tukunyar tuwon suna, tana tuƙi tana yi wa 'yan aiki faɗa, kamar ba ita ba. Na leƙo ta daga nesa na yi hamdala. Ita ba ta gaya wa kowa abin da na faɗa ba, har yau. Kaka Delu kuwa kafin a yanka rago ta gama da ƙauyen. Zuwaira ta yi dariya har ta riƙe ciki tana roƙon a daina. Yanzu in na je can, tsofaffin matan unguwa ba su kiran sunana, sai dai "Sabuwa-ce ya iso, a ba shi tabarma."

Har gobe ina hawan keke, kuma na sayi wata jakar, mai faffaɗan baki da hannu ke buɗewa, da 'yar moɗa ɗaure a gefe tana ƙwaram-ƙwaram, samari na yi mini dariya. In sabon shiga ya tambaye ni wace iri zai saya, ba na ja masa dogon bayani. Cewa nake, ɗan'uwa, duba ta da kyau ka tambayi kanka: in ka iske surukarka a hanya tana jin ƙishi, ta ina za ka ba ta ruwa?