Ranar da Tsuntsaye Suka Yi Fashin Makaranta

Allah ya yi wa makarantar nan gata da ya ba ta mataimakin hedimasta irin wannan. Mutum ne da ya je bitar kwana biyu cur a kan tsuntsaye, ya dawo da takardar shaida, da malafa, da madubin hangen nesa rataye a wuya, wanda ko banɗaki ba ya shiga sai da shi. Malamai suka raɗa masa Uban Fukafukai. Da sunan ya kai kunnensa, bai ji haushi ba, ya dai yi mamakin yadda suka daɗe ba su gane matsayinsa ba.

Kafin zuwan wannan haske, malamar aji huɗu ce ke fita da yara duk Laraba. Su zauna a bayan ajujuwa, inda ciyawa ta yi tsawo kusa da wani famfo mai ɗiga, su yi tsit, kowa ya zana abin da ya gani. Babu jawabi, babu bulala. Wai darasi ke nan!

Sai ga takarda: sufeto zai zo Laraba, zai zaɓi malami ɗaya ya shugabanci koyar da kallon tsuntsaye a duk makarantun yankin. Kujerar nan Uban Fukafukai yake so kamar ransa zai fita. Nan take ya karɓe darasin.

Ya sa aka nome ciyawar ƙarƙaf. Ya sa aka sare rassan bishiya don kada ganye ya tare wa sufeto kallo. Famfon da ya shekara uku yana ɗiga, a yini ɗaya aka ɗaure bakinsa. Aka jera benci, aka shafa wa duwatsu farar ƙasa, aka aro lasifika.

Malama ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ciyawar da ruwan su ne ke kawo su."

Ya dube ta da tausayi. "Malama, ke kin je bita?"

Laraba ta yi. Sufeto, wani dattijo mara yawan magana, ya zauna a benci. Uban Fukafukai ya busa usur sau uku, ya kafa baki a lasifika.

"Shiru! Na ce shiru! Tsuntsu halitta ce mai kunya, ba ta son hayaniya! Kowa ya maimaita!"

Yara arba'in suka maimaita da iya ƙarfinsu. Kurciyoyi biyu da suka rage a kan katanga suka tattara nasu ya nasu.

Daga nan ya buɗe rajistar da ya tsara da hannunsa, ya shiga kiran suna. Kanari? Shiru. Balbela? Shiru. Zalɓe? Shiru. Kowanne ya ja masa jan biro, yana girgiza kai, yana faɗa wa sufeto cewa rashin ladabin zamanin nan bai bar kowa ba.

Ana cikin haka wata ƙaramar tsuntsuwa mai jan ƙirji ta sauka a kan famfo, ta zo neman ruwan da ta saba sha. Wata yarinya ta nuna ta da yatsa a hankali, yadda Malama ta koya musu.

"Ke! Wa ya ba ki izinin gani? Ɗaga hannu, miƙe tsaye, faɗi sunanki da ajinki, sannan ki nuna!"

Yarinya ta ɗaga, ta miƙe, ta faɗa, ta nuna. Famfo ne kawai a wurin. Ya rubuta sunanta cikin maƙaryata. Malama ta sunkuyar da kai don takaici.

Minti arba'in yana jawabi, ko hankaka bai gifta ba.

Da aka tashi, sufeto ya karɓi littattafan zanen yara na makonnin baya, ya daɗe yana dubawa, ya tambayi Malama cikakken sunanta ya rubuta. Sannan ya juyo ya kama hannun Uban Fukafukai da hannu bibbiyu.

"Malam, shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin baiwa irin taka ba."

Uban Fukafukai ya gyara malafa, ƙirji ya cika fam.

Sufeto ya ci gaba, "Ina da gonar shinkafa a bakin rafi, tsuntsaye sun hana ni sakat. Don Allah, ranar Asabar kana da lokaci?"