Sarkin Bakan Catford Ya Zaɓi Madubin Bindiga

Duk wanda ya zauna a kudancin London a farkon shekarun casa'in bai san Alhaji Maharazu ba, to zaman banza ya yi. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa iri-iri, kuma saboda kyawun halinsa bai taɓa ɓoye mana ko ɗaya ba. Gwamnatin jiharsu ce ta turo shi kwas na wata tara a 1983, ilimi ya yi masa daɗi har ya shekara goma bai gama ba. A ofishin council, wato ƙaramar hukuma, yake aiki, sashen da ke ba mutane takardar izinin ajiye mota a ƙofar gida. In shi ke ba da labari, sai ka ɗauka babu motar da za ta tsaya a Ingila sai da sa hannunsa.

Amma babbar baiwarsa farauta ce. Kakansa, in ji shi, ya taɓa kayar da ɓauna da kibiya guda, kuma harbi a jini yake. Gaskiya ne ba wanda ya taɓa ganin Alhaji riƙe da bindiga, to amma ai ba a ganin gishiri a miya. Da zolaya muka fara kiransa Sarkin Bakan Catford, unguwar da yake zaune. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka buga masa sarautar a ƙasan katinsa, da Turanci.

A kakar 1993 ne Dakta Uwaisu, likitanmu na babban asibitin Camberwell, ya gama aikinsa zai koma gida. Babu gidan ɗan Arewa a yankin da bai taɓa yi wa rana ba, saboda haka ƙungiyarmu ta yanke shawarar yi masa walimar bankwana, mutum tamanin. Aka ɗora girki a kan Hajiya Talatu, matar Alhaji, wadda hannunta ya yi suna tun daga Peckham har Abbey Wood. Tana cikin bayanin ragunan da za ta yi oda wurin mahauci sai maigidanta ya miƙe, ya gyara babbar riga.

"Jama'a, ina raye, ina numfashi, za a sallami likita da naman firji? Tunkiyar da ta mutu tun bara a New Zealand? Barewa za ku ci, wadda na harba da hannuna na yanka da wuƙata. Na riga na yi booking."

Aka yi tafi. Kuma da gaske ya yi booking ɗin. Akwai wani gandu a Sussex inda ake rage barewa duk kaka. Baƙo ya biya, a ara masa bindiga, mai kula da gandun ya raka shi daji. Alhaji ya zaɓi ranar Asabar, walima kuwa Lahadi, don a ci nama da ɗuminsa. Da suka koma gida Talatu ta roƙe shi ya bar ta ta kama ko rabin rago ne ta ajiye, saboda sha'anin daji. Ya ce matar da ta ajiye rago a gefe ba ta yarda da mijinta ba. Ta kira mahauci ta ce an yi cancel.

Sauran abu ɗaya. Mallakar bindiga a ƙasar nan sai da lasisi, da shaidu, da tambayoyin 'yan sanda, abubuwan da Alhaji ya ce ƙasƙanci ne ga jikan maharbi. Amma madubin hangen nesa da ake ɗorawa a kan bindiga, kowa na iya shiga kanti ya saya. Sai ya ƙudurta zai je da nasa. Wasu kan sayi doki su nemi linzami. Manya da linzami suke farawa.

Ya ɗauki Gariba ya kai shi kantin. Gariba mutumin zangon Kumasi ne, direban taksin da ake kira minicab a Abbey Wood, kuma kafin ya zo London ya shekara goma sha biyu yana gadin namun daji a arewacin Ghana da bindiga a kafaɗa. Ba don shawara Alhaji ya ɗauke shi ba, Allah ya kiyaye. Don mota ne, da kuma don a sami wanda zai ba da labari.

Mai kantin wani tsohon Bature ne da ake kira Bernard. Cikin ladabi ya yi tambayoyi uku: wace bindiga za a ɗora wa madubin, wace dabba za a harba, kuma daga wane nisa. Ta farko Alhaji ya tsallake ta kamar kwata. Ta biyu ya ce barewa. Ta uku ya ce yadi ɗari biyar, in an matsa masa.

Bernard ya cire tabaransa ya goge. Ya ce a dazukan kudu da wuya a harbi barewa a nisan da ya wuce yadi ɗari da hamsin. Ya ce a yadi ɗari biyar harsashi kan sunkuya ƙasa fiye da tsawon hannun mutum, iska kuma ta ture shi gefe, kuma wanda bai shekara yana gwaji ba sai dai ya karya wa dabba ƙafa ta tafi ta mutu a wahale. Ya ɗauko wani ɗan madaidaicin madubi mai kusanto da abu sau shida, ya ce da irinsa yawancin maharban ƙasar suke tsufa: yana da haske da asuba, yana nuna fili mai faɗi, ba ya nauyi.

Alhaji ya dube shi kamar an miƙa masa cokalin jarirai. Idonsa na can kan wani ƙato a saman kanta, tsawonsa kamu guda, bakinsa kamar na kofin shayi, ga maɓallai ta ko'ina. Aka sauko da shi. Wannan ana murɗa shi ne daga sau shida har sau ashirin da huɗu, kuma an yi shi ne don masu gasar harbin allo da ke kafa bindiga a kan benci.

Gariba ya kasa haƙuri. "Alaji, wannan ya yi yawa. In ka buɗe shi duka, zuciyanka ya buga, madubi ya yi rawa. Barewa ya matsa kaɗan, ka ɓace shi. Mu a daji ƙafa ne madubi, kana rarrafe har ka ji warinsa."

"Rarrafe?" in ji Alhaji. "Gariba, dube ni da kyau. A ofishina mutane layi suke bi su zo gabana. Ni ba na zuwa wurin nama, nama ke zuwa wurina."

Ya kafa madubin a ido ya ga baƙi ƙirin, ya ce fitilun kantin ba su da kyau. Bernard ya janye masa shi baya kaɗan, nan take titi ya bayyana. Ya gargaɗe shi cewa kullum ya bar tazarar yatsa huɗu tsakanin ido da madubi, don bindiga tana shuri in ta tashi. Alhaji ya ce jikan maharbi ba ya koyon harbi a kanti. Ya saya, Gariba ya ɗauki kwalin.

Mako uku suka rage, kuma Sarkin Baka bai yi wasa da su ba. Kullum in ya taso aiki sai ya buɗe tagar flat ɗinsu a hawa na bakwai, ya kafa gwiwar hannu, ya yi ta farautar Catford. Ya harbe tattabaru ba adadi da bakinsa. Ya karanta lambar bas daga ƙarshen titi, ya kira Talatu daga kicin ta zo ta shaida. Sai dai shekarun nan ne bama-bamai suka sa 'yan sandan London barci da ido ɗaya, kuma wata tsohuwa a benen da ke fuskantarsu ta ga mutum yana saita wani abu ta taga. Ranar wata Laraba da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi. 'Yan sanda ne. Suka bincike ɗaki, suka ɗaga katifa, suka leƙa har tukunyar tuwo. Suka tambayi ina bindigar, ya ce tana nan tafe. Da suka gane babu ita, kuma ba a taɓa yinta ba, sai babbansu ya ba Talatu haƙuri, ya faɗa cikin rediyonsa cewa mutumin ba shi da wani haɗari. Wannan kalmar ce ta hana Alhaji cin abinci ranar.

Asabar ta zo. Tun da sassafe Gariba ya ɗauke shi, Alhaji na sanye da koren kwat da hular Turawan daji da takalmin roba sabo fil. Mai kula da gandun wani dogon Bature ne marar yawan magana. Ya ce dokarsu ita ce kowane baƙo sai ya fara harbin takarda sau uku daga yadi ɗari kafin a shiga daji. Ya miƙo bindigar gandun da ɗan tsohon madubinta. Alhaji ya ce bai zo daga London don ya leƙa ta ramin allura ba, a ɗora nasa. Mutumin ya dubi madubin, ya dubi mai shi, ya ɗauko wata bindigar ya ɗaura, ya ɓata kusan awa guda yana daidaita saiti da kansa. Ya bar shi a kan sau shida. Alhaji na karɓa ya murɗe shi har ƙarshe, ya ce bai sayi ashirin da huɗu don ya zauna a shida ba.

Ya kwanta rub da ciki, abin da bai yi ba tun yana yaro. Ya leƙa, ya ga ciyawa. Ya ɗaga, ya ga sama. Ya karkata, ya ga ɓawon bishiya da tururuwa a kai, suna ta rawa. Takardar da kowa ke gani da ido ƙuru-ƙuru, shi kaɗai ne bai ganta ba. Gariba ya raɗa masa ya rage madubin, Alhaji ya daka masa tsawa. Can sai wani farin abu ya gifta. Don kada ya kuɓuce masa, ya matso da fuska, ya ƙara matsowa, har gira ta manne da ƙarfe. Mai gandu ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji ya ja kunama.

Harsashin ya shige tudun ƙasar da ke bayan takardar, can sama, ƙura ta tashi. Bindiga kuwa ta yi shurinta, bakin madubin ya sare shi a gira. Jini ya rufe masa rabin fuska, ya saki bindiga yana salati yana tambayar wa ya harbe shi.

Mai gandu ya ɗauke bindigarsa, ya cire harsasai, ya ɗaure masa kai da bandeji. Ya ce ciwon na buƙatar ɗinki, kuma ko babu ciwo ba zai shiga daji da shi ba. Amma da ya ji mutum tamanin na jiran naman, kuma ya ga yadda Gariba ya karɓi bindigar ya juya bakinta ƙasa ba tare da an gaya masa ba, sai ya kawo shawara. Tunda an riga an biya, direban ya gwada takardar. In ya ci, su shiga daji da yamma, a sami barewa, shi kuma Alhaji matar mai gandu ta kai shi asibitin garin.

Gariba ya ce ya yarda, don Hajiya. Alhaji ya ɗago kai daga cikin bandeji.

"A ce a London barewar walima direban taksi ne ya harbo? Gara a sha ruwa. Tada mota."

Ɗinki shida aka yi masa. Sai wajen ƙarfe huɗu ya tuna yana da mata, ya kira ta daga wayar asibiti ya ce an sami ɗan canjin tsari. Talatu ta riga ta jajjaga kayan miya, ta aro manyan tukwane uku, ta haɗa yajin da ta ce sai naman daji. Ta ajiye waya, ta yafa mayafi, ta kira ƙawarta Abibatu, suka hau bas zuwa Peckham. Mahaucin da ta yi wa cancel ya sayar da ragunansa tun safe. Shago bakwai suka shiga kafin a rufe. Abin da suka samo tsofaffin kaji ne daskararru, irin waɗanda suka gama ƙwai suka yi ritaya, da ƙafar saniya buhu ɗaya. A bas ɗin dawowa, in ji Abibatu, Talatu hawaye take ta sharewa da bakin mayafi.

Lahadi zauren ya cika. Har daga Manchester wasu suka zo don barewa. Aka buɗe tukwane, aka ga fukafukai. Mutane suka yi ta fama da kajin nan kamar masu jan igiyar rijiya, ba wanda ya yi ƙorafi saboda kunyar Hajiya, wadda ke tsaye bayan tebur tana zuba wa kowa, idonta a ƙasa. Dakta Uwaisu ya cinye nasa tas, ya ƙara, ya yaba miyar da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Mun ɗauka Alhaji zai lafe a kusurwa. Ba mu san manya ba. Ana gama addu'a ya karɓe makirufo, filasta a gira, ido ɗaya a kumbure kamar ƙosai. Ya ce barewar Ingila ƙanana ne, da ya hango su sai tausayi ya kama shi. Ya ce bindigar gandun ba ta kai darajar madubinsa ba, kuma zai rubuta musu wasiƙa. Ya shafa filastar, ya ce wannan kuwa sirrin daji ne, ba a faɗarsa a gaban mata.

"Amma ku shaida," ya ɗaga murya, "jikan maharbi bai taɓa shiga daji ya dawo bai zub da jini ba. Ga iyalina nan, ku tambaye ta."

Kowa ya juya. Talatu ta ajiye ludayi a hankali, ta goge hannu.

"Gaskiya Alhaji ya faɗa," ta ce. "Harbi ɗaya ya yi, kuma ya samu. Ga naman nan tsaye yana yi muku jawabi."