Awon Batir da Tafin Hannu

Ni fa na yarda Allah ya ba ni baiwa: in na ɗora batir a tafin hannu, nauyinsa kaɗai ke gaya mini yawan wutar da zai riƙe. Shi ya sa da bikin 'yar maƙwabciyarmu Mama Ladi ya taso a Sabon Tasha, na ce a bar mini harkar kiɗa.

A bakin titin Gonin Gora na zaɓo fawa bank mafi nauyi. Matata ta ce, "Baban Joy, mu jona mu gwada mana." Na ce hannuna ya riga ya gwada.

Ranar biki aka ɗauke wuta, na jona sifika cikin ƙasaita. Amarya ta fito da rawa ke nan, kiɗa ya mutu. Na buga abin da benci don ya farfaɗo, sai ya dare. Yashi ya zubo mini a takalmi, da wani ɗan batir kamar yatsa.

Da tafi da bokiti aka ƙarasa rawar.

Har yau in tifar yashi ta shigo layinmu, sai Mama Ladi ta ƙwala mini kira: "Injiniya, fito, an kawo maka caji!"