Sharhina a Motar Malumfashi

Ranar da zan fara zuwa gaida iyayen Rabi, na shiga motar haya daga Funtuwa zuwa Malumfashi. Direba ya kunna albam na biyu na mawaƙin nan da waƙoƙinsa na farko suka cika kowane shagon caji. Na gyara zaman hulata.

Na ce, "Yaron nan ya ƙare. Na farkon ma sa'a ce. Wannan kuwa, ƙarar injin niƙa ta fi shi daɗi."

Saurayin da ke gefena ya ce, "Haka ne, Malam?"

Ganin na samu ɗalibi, sai na bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya ina kushewa har muka shiga tasha. Shi dai gyaɗa kai yake.

Bayan la'asar ina durƙushe gaban mahaifin Rabi, sai ga saurayin ya shigo. Alhaji ya ce, "Ga yayanta, mawaƙin gidanmu."

Ya miƙo mini hannu. "Ai mun haɗu, Baba. Masani ne."

An dai ba ni Rabi. Amma shekara huɗu ke nan, Masani ake kirana a gidan, kuma ko tuwo aka ajiye mini, sai surukata ta aiko a ji ra'ayina.