Yadda na ƙara tsawo a damina ɗaya

"Ya cire takalmin!"

"Ba zai cire ba. A ina aka rubuta a cire takalmi?"

"Jonah, dunduniyar nan ta kai bulo. Ko makaho ya shafa ya san ciko ne."

"Kai mai faci ne, Tsado. Duk abin da ka gani sai ka ce iska aka hura masa."

Ni ake yi wa wannan faɗan. Ina tsaye, bayana a jikin wata sandar ƙarfe, na miƙe wuya kamar mai jiran hoton fasfo. Jonah mai aski ya ɗora littafi a kaina. Tsado ya tsuguna yana matsa takalmina da ɗan yatsa. Mata masu dawowa daga kasuwa sun sauke kaya suna kallo. Na cire takalmin. Saura yatsa biyu in kai jan layi. Wata ta ce, "Ayya." Gara a zage ni da wannan ayya ɗin.

Mai karatu, ga yadda aka yi na tsinci kaina a wurin.

Tun kafin ruwan farko, rediyo ta faɗa mana cewa Mai Girma Uban Alƙawura ya tausaya wa talaka, zai gina mana Dandalin Farin Cikin Al'umma a bayan Sauka Kahuta. Allah ya saka. Mun daɗe muna kuka kan famfo da hanya, ashe lilo ne ciwonmu ba mu sani ba. Aka kafa allo mai hoto. Ga Lilon Sama, wata ƙatuwar ƙafa irin ta keke mai kujeru da aka ce daga ƙolinta har Bosso za ka hango. Ga kuma Jirgin Maciji, mai gudu a kan dogo, ya kifa mutum kai ƙasa sau uku ya dawo da shi.

Unguwa ta rabu biyu, kamar gidan kallon ƙwallo. Jonah ɗan Jirgin Maciji ne, har ya zana shi a bangon shagonsa. Tsado ɗan Lilo ne, ya ce jirgin na marasa iyali ne. Rannan awa huɗu muka yi a layin mai, ina tura babur ɗin yayana, su biyun suna gardama ko jirgin fetur zai sha ko gas. Da muka iso bakin famfo aka ce mai ya ƙare. Babu wanda ya yi fushi. Ba a gama gardamar ba tukuna.

Ni ba na cikin kowane ɓangare. Abin da ya ja ni shi ne ƙaramin rubutun ƙasan allon: za a ɗauki matasa aiki. Shekarata huɗu da gama sakandare. Takardata tana ƙarƙashin katifar Inna, ta fi ni samun hutu. Na cike fom na ma'aikacin Jirgin Maciji. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya mini a wuya: dole tsawonka ya kai jan layin da ke jikin sandar awo, kuma a gaban sandar za a tantance mu ƙarshen Satumba.

A nan dole in yaba wa ɗan kwangila, Oga Aiki-Ya-Kusa. Wani da tushe zai fara. Shi da ƙofa ya fara, babba, da zaki biyu na siminti a samanta, babu katanga hagu, babu dama. Awaki suna zagayawa, mu muna bi ta ciki don ladabi. Sai sandar awo a gefe. Shi ke nan dandalin. Ranka-ya-daɗe Sarkin Almakashi ya zo da motoci goma sha, ya yanka ƙyalle, ya ce yaranmu ba za su ƙara sha'awar ƙasar waje ba. Gaskiya ne. Yanzu sanda suke sha'awa. Duk yamma sai ka ga jama'a a layi ana auna juna don jirgin da ko ƙusarsa ba a sayo ba. Wani magidanci ya wuce layin da taƙi guda, ya tafi gida yana taku kamar ya ci zaɓe.

Ni kuwa yatsa biyu.

Na shiga neman tsawo. Na yi reto a reshen mangwaro har kafaɗata ta yi ƙara. Aka ce wake, na ci wake har Inna ta mayar da tabarmata zaure. Na kai takalmina wurin mai gyara ya yi masa ciko, shi ne wanda Tsado ya tona. Inna ta ce, "Ɗanladi, ubanka haka ya rayu, haka ya koma. Ina za ka samo abin da ba a bar maka ba?" Na ci gaba da cin wakena.

Ƙarshen Yuli na koma ni kaɗai, ba takalmi. Saura yatsa ɗaya. Na kira Jonah ya auna. Ya auna sau uku, ya rungume ni, ya ce, "Wake! Na gaya maka!" Tsakiyar Agusta gashina ya taɓa layi. Farkon Satumba na wuce shi. Ina da shekara ashirin da uku, jama'a. Na fara sunkuyawa in zan shiga ɗakinmu, ƙofar da ko tsalle na yi ba na taɓa samanta.

Baba Shekwolo ne ya ɓata mini. Manomi ne, gonarsa tana maƙwabtaka da filin, kuma kakanninsa suna nan tun kafin a san za a yi unguwa. Ya same ni ina shafa layin. Ya buga ƙasa da ƙotar fartanya, ruwa ya tsattsafo.

"Ɗana, nan fadama ce. Shinkafa muke sa. Ka ga siminti a gindin sandar nan?"

Na duba. Yashi ne da addu'a.

"Ba kai kake tashi ba. Ita ke sauka."

Na ce masa Baba, a bar maganar tsakaninmu. Ya ce shi ba ruwansa da sanda, amma in ɗaga kai. Na ɗaga. Ƙofar ma ta karkata, zakin hagu ya leƙo daidai kan hanyar da mata ke bi da kaya a ka.

Kafin sati maganar ƙofa ta cika unguwa. Aka zauna a shagon Jonah, 'yan Jirgi da 'yan Lilo, karo na farko baki ɗaya: a rubuta takardar kuka, a zo a tone komai a sake kafawa, ƙofa da sanda. Wa zai rubuta? Duk ido ya dawo kaina. Ni ne mai shafi a jarida, wannan da kake karantawa, wanda ba a biyana ko kwabo. Ni ne na yi sati uku ina zagin kwalbatin da ta rufta a Barkin Sale. Ni ne na rubuta da hannuna cewa mai cin siminti da mai yi masa shiru tafiyarsu ɗaya.

Na ce biro ya ƙare. Tsado ya ciro nasa daga bayan kunne. Na ce irin wannan takarda tana son nazari. Aka ba ni kwana uku, na ci goma sha biyu. Idan baki ya ci, ido ke jin kunya, to ni ko ci ban yi ba, ƙamshi kawai na ji, amma kunyar ta riga ta iso. Abin da na iya yi shi ne na ɗaura igiya a bakin ƙofar don mata su riƙa zagayawa tare da awaki. Duk wanda ya tambayi takarda sai in ce ana gyaran Turanci. Shekara da shekaru ina mamakin inda manya ke koyon cewa "ana kan aiki". Ashe ba makaranta ake zuwa ba. Abin so kawai za a rataya maka a gaba.

Tsado ya gane. Bai tona ni ba wannan karon. Ya dai ce, "Dogo, in zakin nan ya faɗo kan matata, a shafinka za ka sa ko a na ta'aziyya?"

Ranar Litinin aka yi tantancewar. Mu fiye da ɗari uku a rana, ma'aikaci ɗaya a ƙarƙashin lema, da rula da lemon kwalba. Baba Shekwolo ya jingina da fartanyarsa yana kallo daga kunyar gona. Jonah da Tsado sun rufe shago sun rako ni. Aka kira sunana. Na cire takalmi tun kafin a ce, na jingina. Ma'aikacin ya ɗora rula.

"Ya wuce. Na gaba."

Jonah ya yi ihu kamar an ci ƙwallo. Ni kuma, don in nuna ni mai ilimi ne, na tsaya na ce, "Yallaɓai, don Allah me ya haɗa aikin da tsawo?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Bel ɗin kujera ba ya riƙe gajere. Kowace safiya kafin a buɗe wa jama'a, ma'aikaci ne zai hau shi kaɗai, ya yi zagaye uku, a ga ko komai lafiya. Na gaba!"

Abin nema ya samu. Na ɗauki takalmina a hannu. A daren jiya na rubuta takardar kukan, shafi biyu, har da sandar a ciki, don yanzu an riga an sa sunana a littafi kuma gaskiya ta yi araha. Kada ku yaba mini.

Amma a ranar tantancewar, muna fitowa ta gefen igiya, Baba Shekwolo ya taro mu. Ya ji abin da ma'aikacin ya faɗa. Ya yi mini barka, ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya dubi zakin hagu, ya dubi sandar, ya dubi Jonah da Tsado, sannan ya dawo kaina.

"Ɗana, shi wanda ya kafa sandar nan, shi ne zai kafa jirgin?"