Baƙo Ya Rasu, Tafinta Ya Rasa Aiki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba zan ɓoye wa kowa ba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan aikina direbobi rasuwar injin kallon faifai na gidanmu, wanda aka fi sani da Baƙo. Ya cika wata ranar Talata da hantsi, sama da sati uku da suka wuce, a kan ɗan teburinsa da ke ƙarƙashin talabijin, bayan jinya ta wata huɗu. Shekararsa goma sha tara a tare da mu, bai taɓa kwana a gidan wani ba.

Marigayin ya shigo gidan nan ne da yarjejeniya. A lokacin ina jan babbar mota, sai in yi sati uku ban ga ƙofar gidana ba. Uwar yara ta aike ni sayen keken ɗinki, na dawo mata da Baƙo a kwali. Ta buɗe, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Direba, wannan ne zai ɗinka wa yara kaya?" Na ce ba ya ɗinki, amma yana ɗebe kewa. Ta ce kewar wa zai ɗebe, ita da ba ta jin ko kalma ɗaya daga yaren mutanen da ke cikin faifan? Na bugi ƙirji na ce ai ni ina ji, ba a banza na zaga ƙasashe ba.

Sai ta ce, "To mu yi ciniki. Baƙon nan naka zai zauna, in kai ma za ka zauna. Duk ranar da kake gari, da yamma ka baro hirar tasha ka dawo gida, ka riƙa gaya min abin da suke cewa. Ranar da ka fasa, ya bi ka."

Na ce na yarda. Na fita ina murmushi, a ganina na tsira daga rigimar keken ɗinki cikin sauƙi.

Tunda mai rufa min asiri ya kwanta dama, bari in faɗi gaskiya. Abin da na sani a yaren nan bai wuce cikin cokali ba: tsaya, kawo takardu, taya ta fashe, sai zagi guda biyu masu kyau. Babu ko ɗaya da ake buƙata a irin finafinan da marigayin ya fi ƙwarewa a kai. Domin shi Baƙo ba na faɗa da harbe-harbe ba ne. Nasa na soyayya ne masu ban dariya, irin waɗanda saurayi zai yi karo da budurwa a bakin shago, shayi ya zube mata a riga, ta tsane shi har tsakiyar fim, shi kuma yana da wani aboki mai ƙiba da ke ba shi gurguwar shawara. Wani ya faɗa cikin ruwa da kayansa. A yi kuskuren ɗaki, a ɓuya a bayan labule ƙafa tana waje. Can kusa da ƙarshe ta ɗauki jaka za ta bar gari, shi kuma ya bi ta a guje.

Na san ƙarya ce. Ni direba ne, na san babu mahaluƙin da zai keta tsakiyar birni da rana tsaka ya isa filin jirgi cikin minti biyar, kuma ya sami wurin ajiye mota a bakin ƙofa. Na yi mu'amala da dillalai da 'yan kamasho da masu sayar da taya mai faci a matsayin sabuwa, babu wanda ya taɓa yi min wayo sau biyu. Amma da zarar wannan wawan saurayin ya fara gudu, sai in ji ƙafata tana neman totur a ƙasan kujera. Na kalli wasu sau ashirin, kuma kowane karo ina tsoron kada jirgin ya tashi. Wanda zai yi dariya ya yi, na ga irinku da yawa suna share ido suna cewa ƙura ce ta shiga.

To, tunda ba na jin abin da suke cewa, sai na riƙa sa musu magana a baka. Da farko shirme nake yi don a yi dariya. In saurayi ya daɗe yana surutu sai in ce, yana cewa gashinta kamar buroshin wanke mota. Uwar yara ta yi ta dariya har ta riƙe ciki. A hankali abin ya canja hanya, ban san ranar da ya canja ba.

Akwai wani faifai da bangonsa ya ɓace tun tuni, muna ce masa Mai Jan Lema. A ƙarshensa saurayin yana tsaye a cikin ruwan sama a ƙofar gidan yarinyar, ya yi magana mai tsawo ba ta katse shi ba. Wata rana, bayan mun yi kwana biyu ba ma ga maciji da ita a kan wata magana, na sa faifan. Da aka zo wurin sai na ji bakina yana cewa: yana cewa ya san ya bar ta da yara huɗu da rufi mai yoyo. Yana cewa ranar da mahaifiyarta ta rasu yana can bakin iyaka yana gadin kayan wani, kuma da ya dawo bai ce mata komai ba sai tambayar ina ruwan wanka. Yana cewa bai manta ba.

Uwar yara ba ta dube ni ba. Talabijin ta duba, ta ce wa yarinyar, "Ki ce masa ya makara. Amma ya shigo daga cikin ruwan, kada ya ja mana jinya."

Daga ranar, duk abin da ya gagare mu a tsakar gida, sai mu kai shi gaban Baƙo. In ni ne da laifi, in zaɓo faifan da namijin ke ba da haƙuri. In ita ce, sai in tarar ta riga ta sa wanda macen ke komowa daga tasha, ta ce, "Zo ka gaya min, me take cewa a nan?" Ni kuma in faɗi abin da nake so in ji, ita ta gyara inda na yi zari. A haka muka aurar da yara uku, a haka na ajiye tuƙi, a haka muka wuce shekarar da idona ya fara ba ni matsala. Ban taɓa ce mata komai ba. Mutumin cikin ruwa ne ke faɗa.

Ina shaida cewa marigayin mai haƙuri ne da riƙon amana. Bai taɓa ƙaryata ni a gaban iyalina ba. In an kunna shi sai ya ce ƙirrr, ya ɗan yi shiru kamar mai tunani, sannan ya ce tak, ya miƙo harshensa a ɗora masa faifai. Ya karɓi mai tsaga, ya karɓi wanda jika ya shafa wa man gashi. Da girma ya kama shi, sai an ɗan mare shi a gefen hagu kafin ya tashi, kuma bai taɓa riƙe wannan a zuciya ba.

Ciwon ajali ya fara masa da in'ina. Sai a zo daidai inda saurayi ya buɗe baki, hoto ya daskare, a bar mutum da baki a hangame kamar mai jiran likitan haƙori. Daga baya ya fara wani kuka, ziii, ziii, kamar bel ɗin da ya bushe. A nan ne na yi abin da har in mutu ba zan daina jin haushinsa ba. Shekara talatin na yi a kan ƙa'ida ɗaya: duk injin da ke kuka, mai yake nema. Na kwance murfinsa, na kawo baƙin mai na mota, mai kyau, ba na bakin titi ba, na ɗiga masa a duk inda na ga abu yana juyawa. Har da wani ɗan gilashi mai kama da idon kifi, don na ga ya bushe ƙwarai. Na kunna. Ya ce ƙirrr. Bai ce tak ba. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayansa, shi ke nan.

Mai gyara ya buɗe, ya sunsuna, ya ce, "Baba, wane mugun ne ya yi maka wannan aikin?" Na ce wani ne a unguwarmu, ba ya jin magana. Ya ce a gaya masa ya ji tsoron Allah, ya kashe idon, ya ƙona allon, babu abin da ya rage sai kwanon.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta takarda ba. Autarmu ce ta zo ta'aziyya da alherinta. Ta kawo wa uwarta babbar waya, ta ce, "Mama, yanzu duk finafinan nan an juya su da Hausa, ba sai Baba ya yi ta wahalar da maƙogwaronsa ba." Ta yi ta lalube har ta gano Mai Jan Lema. Ta saƙala wa uwar tata abin ji a kunne, ta yi mana sallama ta tafi gidanta tana jin ta yi aikin lada.

Na zauna a kujerata ina kallon fuskar uwar yara, ita tana kallon waya. Na san fim ɗin da ka, ko ban gani ba na san inda aka kai. Da aka zo wurin ruwan sama na ji kamar an tsayar da ni a shinge ba ni da takardu. Ta kalla har ƙarshe. Ta zare abin daga kunne ɗaya.

Ta ce, "Direba, ashe maganar atishawa yake yi. Wai yana son yadda take atishawa, kuma ta manta makullinta a motarsa."

Na ce masu fassarar yanzu ba su san aiki ba.

Ta ce, "Bar su, sun san aikinsu. Kai ma ka san naka. Kana tsammani ban sani ba? Tun shekarar farko na sani. Mutumin da ke can wata uwa duniya, ina ya san rufinmu yana yoyo?" Ta kife wayar a cinyarta. "To yanzu Baƙo ya tafi. In akwai sauran magana, ga ni, ga ka. Ka faɗa da bakinka, ba yana cewa ba."

Jama'a, ni ne mutumin da ya taɓa shawo kan masu shinge bakwai a rana ɗaya da baki kawai. Na buɗe bakin nan. Ta jira ni, wallahi ta jira, har agogon bango ya gaji. Abin da ya fito shi ne, "Kamar hadari ne ke haɗowa, a kwashe shanya."

Ta ce, "To." Ta mayar da abin kunnenta. Yau sati uku ke nan.

Marigayin ya bar rimot guda ɗaya, wanda aka ɗaure bayansa da roba, da wayoyi uku masu kai ja da fari da rawaya, da faifai cike da kwali biyu waɗanda yanzu marayu ne. Ya bar talabijin, abokiyar zamansa, wadda tun ranar ba ta nuna komai sai labarai. Ya bar tabon ƙafafunsa huɗu a kan teburi, na hana a goge.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar da safe, in mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo da kurarsa. Ni zan ɗauke shi da hannuna zuwa bakin titi, ba na son taimako. Za a karɓi gaisuwa a falo da yamma. Wanda ya zo zai ga uwar yara a kujerar kusa da taga tana dariya ita kaɗai, sai ya ɗaga murya in zai gaishe ta.

Ina roƙon kada kowa ya kawo mana wani injin. Babban ɗana ya riga ya samo irinsa sak, na ce ya mayar. Ba injin ne ya gagara ba. Da, na san ƙarya nake, ita ma ta sani, amma ba wanda ya furta. Yanzu an furta. In na sake cewa yana cewa, ni ma kunyar kaina zan ji. Na so ma in roƙi ɗaya daga cikinku ya karanta mata wannan takarda ina waje, amma ta riga ta gaya wa auta cewa ta daina karɓar aike.

Mai ƙarafa zai samu kwano. Auta ta samu albarka, ana ta yabon ta a dangi. Uwar yara ta samu finafinai fiye da yadda za ta iya kalla, kowace kalma a inda mai ita ya ajiye ta, ko da yake na ji tana gaya wa maƙwabciya wai ba su kai na da daɗi ba. Wanda ya yi asara shi ne mai wannan sanarwa, da ke zaune taku biyu daga matarsa kowace yamma, da magana cike da cikinsa, yana ba ta labarin hadari.